Allah Ya Ja Zamanin Mai Python 2

A duniyar manhajar kwamfuta an cika yabon waɗanda ba su cancanta ba. Kullum sai ka ji ana ambaton wanda ya ƙirƙiro kaza, da wanda ya kwana bai runtsa ba yana toshe ɓarakar kaza, da wanda ya shafe shekara ashirin yana rainon wata manhaja ba ko sisi. To, su waɗannan aiki kawai suka yi, aiki kuwa kowa ma yana iya yi. Gwarzon gaske, wanda aka manta da shi, shi ne mutumin da ya tsaya ƙyam a kan tsohuwar sigar harshen da ya saba da ita, ya ce duniya ta dawo ta same shi inda yake. Shi ne mai kamfanin da har gobe injinansa a kan Python 2 suke tafiya, wanda duk ranar da wani ɗan sa-kai ya ce ya gaji da ɗaukar tsohon kaya, sai ya zaro alƙalami ya tuna masa da haƙƙin da ke wuyansa. Yallaɓai, gyara zama, yau naka yabon za a yi.

Sai an san abin da ya jure sannan a san girmansa. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da harshen Python a 1991. A shekarar 2000 aka samu Python 2, duniya ta rungume shi: jami'o'i, bankuna, masu binciken kimiyya, masu gina shafukan intanet. Ana zaune lafiya, sai a Disambar 2008 masu harshen suka fito da Python 3, suka ce sun gyara wasu kurakurai na asali waɗanda ba sa gyaruwa sai an karya tsofaffin ƙa'idoji. Ma'ana, shirin da aka rubuta da na biyu ba lallai ya yi aiki a na uku ba sai an bi shi an daidaita. A Yulin 2010 suka fitar da 2.7, suka ce daga shi an rufe ƙofa. A 2011 har takarda suka rubuta mai lamba 404 don tabbatar da cewa ba za a taɓa yin 2.8 ba. Suka sa 2015 ta zama shekarar sallama. Da suka ga jama'a ba su kimtsa ba, a 2014 van Rossum ya miƙe a taron masu Python a Montreal ya ƙara shekara biyar, wa'adi ya koma 2020, daga baya aka tsayar da ranar 1 ga Janairu. Ko bayan wannan rana sai da aka yi fitowar bankwana, 2.7.18, a watan Afrilu.

A yi lissafi: shekara 11 ke nan. Yaron da aka raɗa wa suna ranar da Python 3 ya fito ya kusa gama firamare ranar da aka rufe Python 2. Amma da ranar ta zo, gwarzonmu ya ce an yi masa ba-zata. Wannan ba ƙaramar baiwa ba ce. Gama-garin mutum in aka faɗa masa magana sau biyu sai ya ji. Sai zaɓaɓɓe ne za a yi wa shela shekara 11, har hukumar tsaron intanet ta Birtaniya ta fito a Agustan 2019 ta gargaɗi masu riƙe da Python 2 cewa suna gayyato wa kansu masu kutse, amma ranar da abin ya tabbata ya dafe ƙirji ya ce, “Yaushe aka yanke wannan hukunci ba a tuntuɓe mu ba?”

Kada wani ya zaci taurin kai ne ya sa ya riƙe tsohon harshen. Da tsohuwar zuma ake magani. Python 2 yana da kyawawan halaye da na zamani ya rasa. Ka ce masa ya raba 5 gida 2, sai ya ba ka 2, ya haɗiye ragowar bai ce maka uffan ba. Python 3 kuwa, da yake cikinsa ba ya riƙe magana, sai ya ce 2.5. Wane mai kula da asusu ne ba zai so harshen da ya iya rufa asiri haka ba?

Mu masu rubutu da Hausa ma mun shaida karamcinsa. Python 2 ya tashi ne da ɗaukar cewa haruffan duniya su ne na Turanci, waɗanda ke cikin jadawalin nan mai gurbi 128 da ake kira ASCII. Ƙ da ɗ da ɓ ba sa ciki. Ka rubuta “ƙasa” a cikin shirinka ba tare da ka yi masa bayani na musamman a saman fayil ba, sai ya ƙi tashi gaba ɗaya. In ka lallashe shi ya tashi, ka tambaye shi haruffa nawa ne a kalmar, sai ya ce biyar, domin shi bayit yake ƙirgawa, ƙ kuwa bayit biyu take ci. Ka haɗa suna irin Ɗanladi da wani rubutun da ya shigo ta wata hanya, sai ya jefo maka UnicodeDecodeError, saƙon da ya sa masu shirya manhaja daga Tokyo har Alƙahira suka yi furfura da wuri. Babban abin da Python 3 ya zo gyarawa ke nan, ya riƙa ɗaukar rubutu a matsayin rubutu ko da wane harafi aka yi shi. Gwarzonmu bai ga dalilin wannan wahala ba. Sunansa da na abokan cinikinsa duk suna shiga cikin 128 ɗin nan lafiya lau. Wanda iyayensa suka sa wa suna mai harafi mai lanƙwasa, sai ya je ya yi kuka da su.

Amma inda hazaƙarsa ta fi haskawa shi ne fagen tattalin arziki. Duk mai tsohon shiri hanyoyi huɗu ne a gabansa, kowace kuma da aibinta. Ta farko, ya sa ma'aikatansa su sabunta rubutun manhajar. Haka Instagram ta yi a 2017. Haka Dropbox ta yi, ta fara a 2015 ta shafe kusan shekara uku tana mayar da layuka fiye da miliyan ɗaya na manhajarta ta kan kwamfuta zuwa Python 3, alhali van Rossum da kansa yana cikin ma'aikatanta a lokacin. Aibin wannan hanya, ana biyan albashi. Ta biyu, ya sayi kulawa wurin masu sayar da ita. Red Hat ta fitar da babbar manhajarta ta 7 a 2014 da Python 2.7 a ciki, ta ci gaba da yi masa faci ga masu biya har ƙarshen Yunin 2024, kamfanin ActiveState na Kanada ma yana sayar da irin wannan hidima. Aibinta a fili yake, akwai rasit. Ta uku, ya ɗauki nauyin abin da kansa, tunda rubutun a buɗe yake, kowa na iya kwafa ya ɗora daga inda aka tsaya. Kovid Goyal, mai manhajar littattafai ta calibre, ya taɓa cewa a 2017 zai iya rainon Python 2 da kansa, ko da yake a Satumbar 2020 shi ma ya koma na uku. Wasu kuma suka ɓalle da reshensu mai suna Tauthon. Aibin wannan, gumi. Ta huɗu, ya zauna a kan tsohuwar fitowar kowace manhaja, domin babu wanda ya goge ta. Tun 2016 pip, wato manhajar da ke ɗauko ƙunshin Python ta girka, ta iya duba sigar harshenka ta zaɓo maka fitowar ƙarshe da ta dace da ita. Aibinta, ba ka samun sabon abu, in ɓaraka ta ɓulla kuma kai za ka ji da ita.

Gwarzonmu ya dubi huɗun nan ya girgiza kai, ya tono ta biyar wadda masana tattalin arziki ba su hango ba. Zai zauna a kan tsohon harshe, ya samu sababbin abubuwa, ya samu facin tsaro, kuma wani baƙo da bai taɓa gani ba, a wata ƙasa, bayan ya taso daga aikin da ke ciyar da shi, shi zai yi masa duk wannan a kyauta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Babu dabarar kasuwanci da ta kai wannan tsafta: riba taka, ɗawainiya ta wani.

Kamar dai bawan Allah ne ya haƙa rijiya sadaka a bakin hanya. Sai ga mai gidan ruwan leda ya zo ya kafa masana'anta a gefenta, yana ja yana sayarwa. Wata rana mai rijiya ya gyara bakinta, ya zamana tsohon gugan mai masana'anta ba ya shiga. Ƙaramin mutum zai je ya sayi sabon guga. Babban mutum kuwa aikawa zai yi a taso mai rijiya da tsakar dare, ya tsare shi da tambayar wa ya ba shi izinin taɓa rijiyarsa.

'Yan sa-kan suna ƙorafin wai ɗaukar tsohuwar siga aiki ne. Bari mu bi ƙorafin nasu ɗaya bayan ɗaya don a ga rashin tushensa. Sun ce duk gyaran da suka yi sai sun gwada shi a kan kowace sigar da suka yi alkawarin ɗauka. In mutum yana ɗauke da 2.7 da 3.5 da 3.6 da 3.7 da 3.8, a kan Windows da macOS da Linux, gwaji 15 ke nan a kan kowane ɗan canji, in ɗaya ya faɗi kuma sai an tsaya an gano dalili. To, mene ne 15 ga mai sauran ƙuruciya? Sun ce dole su rubuta komai ta yadda harsunan biyu za su fahimta, har sai da Benjamin Peterson, wanda shi ne ma ya riƙe ragamar fitar da 2.7 daga farkonsa har ƙarshensa, ya rubuta wata manhaja mai suna six wadda ba ta da aikin komai sai tafinta tsakanin na biyu da na uku. Sun ce an kawo abubuwan sauƙaƙa aiki, irin su async da await a 2015, da hanyar saka lissafi kai tsaye cikin jimla a 2016, amma su ba damar taɓawa, domin layi ɗaya na sabon salo ya isa ya hana tsohon harshe karanta fayil ɗin baki ɗaya. Sun ce masu ba su injinan gwaji kyauta suna cire tsofaffin sigogi, sai mutum ya koma yana harhaɗa tsohon Python da hannu kafin ya gwada gyaran da ba shi zai amfana da shi ba. Sun ce matasa masu son taimakawa suna juyawa in suka ga sai sun koyi ƙa'idojin harshen da aka daina koyarwa.

Duk wannan gaskiya ne, kuma duk alheri ne. Gwarzonmu yana koya musu haƙuri. Yana hana su zaman kashe wando a ranakun hutu. Yana tsare su daga sharrin yawan barci da yawan hira da iyali. Wasu sai sun biya kuɗi ake ba su irin wannan tarbiyya, shi kuwa bai taɓa cajin su komai ba.

Ga shi kuma da iya magana. Ba za ka taɓa jin ya ce “ku yi mini aiki kyauta” ba, wannan furucin marasa tarbiyya ne. Cewa yake, “Ai layi biyu ne kawai, ban ga abin da zai ci muku minti goma ba.” In aka ce to ya rubuto layi biyun, sai ya ce ba shi da lokaci, wanda hakan ke nuna ya san darajar lokaci, nasa. Yakan ce, “Kun tsayar mana da aiki, abokan cinikinmu suna jira,” don ɗan sa-kan ya san cewa akwai kuɗi a harkar, ya ji daɗi a ransa ko da ba zai gan su ba. Yakan ce, “Abin da ke tafiya lafiya, me ya kai ku taɓa shi?” ba tare da ya wahalar da kansa da tunanin hannun wa ke riƙe da shi yake tafiya lafiyar ba. Babban makaminsa kuwa shi ne, “In ba ku gyara ba za mu koma wa wata manhajar.” Dubi girman wannan barazana. Mutumin da bai taɓa biyan kwabo ba zai kwashe rashin biyansa ya kai wani gida. Duk ɗan sa-kan da ya ji haka cikinsa bai ɗuri ruwa ba, lallai zuciyarsa ta bushe.

Abin takaici, ba kowa ne ya gane wannan gata ba. A 2016 wasu masu rainon manhajojin kimiyya suka haɗa baki suka sa hannu a wata sanarwa, cewa zuwa 2020 za su sauke Python 2 daga kansu. Ba su kuma tsaya a fatar baki ba. IPython ta fitar da siga ta 6 a 2017 babu shi. Django, wadda dubban shafukan intanet ke tsaye a kanta, ta bi sahu da 2.0 a Disambar shekarar. NumPy ta sallame shi a 2019, pip kuma a Janairun 2021. Rashin kunyar ma ba ta tsaya nan ba. Sai da suka ba da sanarwa tun da wuri, suka ware fitowar ƙarshe da za su ci gaba da yi wa faci na wani lokaci, kamar Django 1.11 da aka riƙe har Afrilun 2020, don dai kawai a hana gwarzonmu abin kuka. Masu NumPy har ƙa'ida suka rubuta a 2019, cewa za su ɗauki sigogin Python da suka fito cikin wata 42 da suka gabata, abin da ya girmi haka kuwa sai haƙuri. Wato mutum ya iya buɗe kalanda ya ga ranar da za a daina yi masa aikin kyauta. Ina daɗin rayuwa in an san komai tun kafin ya zo?

Masu neman tada zaune tsaye za su ce a duba lasisi. Gaskiya ne, lasisin MIT da na BSD da na Apache da GPL duk sun faɗa, galibi ma da manyan haruffa, cewa an ba ka manhajar ne yadda take, babu garanti, babu alhakin komai a kan wanda ya rubuta ta. Gwarzonmu ya karanta lasisin sarai, sai dai ya tsaya ne a inda aka ce kyauta ce kuma ana iya kasuwanci da ita. Yawan karatu yana kashe ido. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi sai ya faɗaɗa hukuncin, ya haɗa har da wanda bai ci ba, wanda ko ƙanshin ladan bai ji ba. Irin wannan zurfin fahimta ba kowa ake ba ba.

In ana son ganin duniyar da yake mafarki, a tuna Disambar 2021. Wannan karon a gidan harshen Java abin ya faru. Aka gano ɓaraka a Log4j, wata ƙaramar manhaja ta gidauniyar Apache mai rubuta bayanan abin da shiri ke aikatawa, wadda ke kwance a cikin manhajojin bankuna da gwamnatoci da manyan kamfanonin duniya. Ɓarakar ta ci maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari, domin mai kutse ɗan gajeren rubutu kawai zai aiko, injinka ya je ya ɗauko umarninsa ya zartar. Masu kula da Log4j 'yan tsiraru ne, 'yan sa-kai. Suka wuni suka kwana suna fitar da faci bayan faci, 2.15 da 2.16 da 2.17, duniya tana zaginsu. Ɗaya daga cikinsu, Volkan Yazıcı, ya bayyana cewa abin da ya jawo masifar wani sashe ne da su kansu ba sa so, sun bar shi ne don kada su tsayar wa masu tsofaffin shirye-shirye da aiki. Ka ji biyayya. Sannan ana dab da Kirsimeti suka waiwaya baya, suka fitar da 2.12.3 don masu Java 7, da 2.3.1 don masu Java 6, sigogin da Oracle, mai harshen, ta daina yi wa sabuntawar kyauta tun 2015 da 2013. Kamfani mai biliyoyin daloli ya janye hannu daga aikin kyauta, waɗanda ba su da albashi a kan aikin suka sa nasu. Tsarin da ya dace ke nan, gwarzonmu kuma ya nuna godiyarsa da tambayar me ya sa aka daɗe haka.

Sai dai kowane zamani ba ya rasa mai ɓata tsari. A Janairun 2022 wani katafaren kamfanin Amurka ya aika wa Daniel Stenberg, ɗan Suwidin mai manhajar curl, takardar tambayoyi a kan ɓarakar Log4j, aka ba shi awa 24 ya amsa. Ita curl da harshen C aka rubuta ta, ba ta da haɗi da Log4j ko ta nesa, kamfanin kuma ba shi da wata yarjejeniya da shi. Maimakon ya ji daɗin an tuna da shi, sai ya ce zai ba da cikakkiyar amsa da zarar sun sa hannu a kwangilar kulawa. Ka ji fitina. Abin da ya ƙara munin laifinsa, shi ba maƙiyin tsoho ba ne. Shekara da shekaru yana rubuta curl bisa ƙa'idar C ta 1989, da gangan, don ta yi aiki a kan tsofaffin injina. Wato yana ɗaukar tsohon kaya in ya ga dama, ya ajiye in ya ga dama, bisa wata muguwar aƙida wai mai yin aikin shi ke da ikon cewa ga iyakarsa. Masu manhajar requests ma sun ci gaba da ɗaukar Python 2.7 har Yunin 2022, kusan shekara biyu da rabi bayan masu harshen sun sake shi, don raɗin kansu, ranar da suka ga ya isa kuma suka sauke. In wannan aƙida ta yaɗu, ina gwarzonmu zai sa kansa?

Mahassada suna cewa wai tatsar 'yan sa-kai tana da haɗari. Sukan kawo labarin OpenSSL, wadda a 2014, lokacin ɓarakar Heartbleed, aka gano cewa manhajar da ke tsare sirrin ɗimbin shafukan duniya gudummawar kusan dala 2,000 take samu a shekara, mutum ɗaya ne kuma ya duƙufa kacokan a kan aikinta. Sukan kawo na xz, manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux, wadda Lasse Collin ya yi shekaru yana riƙe da ita shi kaɗai. A 2022 wasu suka addabe shi da saƙonnin cewa ya cika jan ƙafa, ya miƙa ragama ga wani. Ya tuna musu cewa aikin sha'awa ne ba na albashi ba, amma daga bisani ya ba wani mai kiran kansa Jia Tan dama. A Maris ɗin 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga injinsa ta SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tarar sabon mataimakin ya dasa ƙofar sirri a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Masu bincike da dama na ganin waɗancan saƙonnin matsin lamba ma cikin shirin suke. Mahassada suka ce ga sakamakon gajiyar da mutum nan. Ni kuwa shaidar ingancin salon gwarzonmu na gani a ciki. Ƙwararrun masu kutse sun zauna sun nemi hanyar da ta fi saurin karya mai rainon manhaja, ba su samu wadda ta fi aron muryar mai ƙorafi ba. Ai ba a kwaikwayon kowa sai gwani.

Gwarzonmu kuma mai tausayin talaka ne, musamman in an zo batun kuɗi. Da an ce ya biya, sai ya tuno da ɗalibi mai tsohuwar kwamfuta, da asibitin karkara, da makarantar da ba ta da intanet mai ƙarfi. Su ɗin akwai su, ba ƙarya ya yi ba. Python 3.9 ba ya hawa Windows 7, mai kwamfutar gwanjo da ba ta ɗaukar abin da ya wuce Windows 7 kuwa dole ya tsaya a 3.8. Sai dai shi wannan ɗalibi ba ya aika wa kowa wa'adin awa 24. Girka tsohuwar fitowar da ke nan ajiye yake yi, ya ci gaba da karatunsa. In ya nemi alfarma da ladabi yake nema, sau da yawa kuma a yi masa, domin ɗan sa-kai ya san bambancin wanda ba shi da hali da wanda ba shi da niyya. Shi ya sa ɗalibin ke bukatar gwarzonmu ya yi magana da yawunsa. In ba don shi ba, wa zai karɓi kulawar kyauta da sunan talaka, ya kai ta ɗakin injinan kamfani mai na'urar sanyaya ɗaki?

Kada masoyansa su damu cewa kasuwarsa ta watse don Apple ta cire Python 2.7 daga macOS a 2022, Debian ma ta fitar da siga ta 12 a 2023 babu shi. Gidan nan ba ya rasa magaji. Tun daga 3.9 masu Python suke fitar da sabuwar siga duk watan Oktoba, kowace kuma shekara biyar ake kula da ita. Wa'adin 3.6 ya cika a Disambar 2021, na 3.7 a Yunin 2023, na 3.8 a Oktoban 2024. An rubuta waɗannan ranaku shekaru kafin su zo, wanda ke nufin duk shekara akwai sabuwar ba-zata tana jiran wanda ya iya kau da kai.

Saboda haka, yallaɓai, ga 'yar shawara daga mai ƙaunarka. Kada ka sabunta komai. Masu cewa sabo turken wawa ba su san daɗin turke ba ne. Kada ka bari ma'aikacinka ko ɗaya ya taimaka da gyara, kada 'yan sa-kan su ɗauka haƙƙinsu ne. In za ka aika ƙorafi, ka bari sai daren Asabar, ka rubuta “gaggawa” a kansa, kuma kada ka faɗi sigar da kake aiki da ita, su yi ta laluben dalili, hakan yana ƙara musu ilimi. In sun gyara kada ka yi godiya, yabo yana kawo girman kai. In kuwa wani cikinsu ya yi ƙarfin halin turo maka da farashin aikinsa, kada ka tsaya ciniki. Ka fito ka sanar da duniya cewa kwaɗayi ya shiga harkar manhajar kyauta, kai ne kuma shaida, domin shekara da shekaru kana ci ba a taɓa tambayar ka ko sisi ba.